Muryar Zaki da Shirun Manomi: Tarken Finafinan Namun Daji a Kan Farautar Tinƙaho

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin harshen da shirye-shiryen namun daji na talabijin ke amfani da shi, da tasirinsa a kan hukuncin da mai kallo ke yanke wa wani nau'in farauta da attajiran Turai da Amurka ke yi a Afirka. A wannan farauta mutum yakan biya kuɗi mai yawa ya harbe zaki ko giwa ko ɓauna ko damisa ko karkanda, ba don nama ba, sai don ya tafi gida da kai ko ƙirgi ko haure ya kafe a bango. Da yake Hausa ba ta da keɓaɓɓen suna ga wannan al'ada, an kira ta farautar tinƙaho a nan. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, finafinan sun ba dabba suna da murya, sun kuma hana su ga mutanen da ke maƙwabtaka da ita, don haka hukuncin da aka gina a kansu hukunci ne na wanda ya ji ta bakin ɓangare ɗaya.

2.0 Tushen Kyamara da Bindiga

Ɗaukar hoton namun daji da harbinsu tafiya ɗaya suka fara. A shekarar 1909 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya je farauta Gabashin Afirka, kuma Cherry Kearton ya ɗauki hotunan tafiyar, waɗanda suka fito a fim ɗin Roosevelt in Africa a 1910. David Attenborough ma ya fara suna ne da Zoo Quest na BBC a 1954, shirin da ke bin masu kamo dabbobi don gidan namun daji na Landan. Daga baya kyamara ta raba gari da bindiga, amma ba ta bar zaɓin da ta gada ba. Abin da maharbi ke nema, wato namiji mai cikakkiyar geza ko toron giwa mai dogon haure, shi ne dai mai kyamara ke nema.

Gado na biyu shi ne kawar da mutane daga hoto. Fim ɗin Bernhard Grzimek, Serengeti Shall Not Die, ya fito a 1959, shekarar da aka fitar da makiyayan Masai daga gandun Serengeti na Tanzaniya. Tun daga lokacin daji mara mutane ya zama shi ne hoton Afirka a irin waɗannan shirye-shirye.

3.0 Mutuntarwa da Sakaya Zance

Babban salon mai ba da labari a waɗannan shirye-shirye shi ne mutuntarwa. Big Cat Diary, wanda BBC ta fara a 1996 a gandun Masai Mara na Kenya, ya raɗa wa zakoki da damisoshi sunaye, ya riƙa bin su kamar taurarin wasan kwaikwayo. Dynasties na 2018 ya ɗora a kan haka da kalmomin sarauta da zumunta: mulki, gado, uwa, magaji, juyin mulki. Bahaushe ba baƙon wannan salo ba ne, domin a tatsuniya zaki sarki ne, kura kuwa sakarya. Bambancin shi ne, mai tatsuniya yakan rufe da nuna cewa ƙarya ya shara, shi kuwa mai shirin talabijin da rigar kimiyya yake zuwa. A kashin Dynasties da ya shafi zakanya Charm an nuna zakokin da suka ci guba, an kuma danganta abin ga makiyaya, amma makiyayi bai sami damar da zakanya ta samu ta a bi labarinsa ba.

An ga sakamakon wannan salo a Yulin 2015, lokacin da Walter Palmer, wani likitan haƙori Ba'amurke, ya harbi zakin da ake kira Cecil da kibiya a gefen gandun Hwange na Zimbabuwe, bayan ya biya kimanin dala 50,000. Zakin yana da shekara 13, kuma yana ɗauke da na'urar bin sawu ta masu bincike na Jami'ar Oxford. Duniya ta yi caa, har manyan kamfanonin jiragen sama na Amurka suka daina ɗaukar kawunan irin waɗannan dabbobi. Zakoki da yawa sun mutu a hannun maharba kafin Cecil da bayansa ba a ji ɗuriyarsu ba. Suna ne ya bambanta shi da su. A watan Agusta na shekarar, Goodwell Nzou, ɗalibi ɗan Zimbabuwe a Amurka, ya rubuta a jaridar New York Times cewa a ƙauyensu zaki abin tsoro ne, ba abin makoki ba.

Su ma maharban suna da nasu salon, wato sakaya zance. A bakinsu ba a kashe dabba, sai dai a "girbe" ta ko a "ɗauke" ta, kamar dawa a gona. Haka nan Ingilishi yana da kalma ɗaya mai daraja ga wanda ya sayi izini, da wata kalmar ta zargi ga talakan da ya ɗana tarko ba izini. A Hausa duk mafarauta ne, sai an ƙara bayani kafin a raba su. Mai fassara irin waɗannan shirye-shirye zai lura cewa takarda da kuɗi ne suka raba kalmomin biyu, ba aikin da hannu ya yi ba.

4.0 Fim ɗin Trophy

A cikin finafinan da suka tunkari batun kai tsaye akwai Louis Theroux's African Hunting Holiday na 2008 da Blood Lions na 2015, waɗanda suka leƙa gonakin Afirka ta Kudu inda ake kiwon dabbobi a cikin shinge don a harbe su. Amma wanda ya fi cancantar tarke shi ne Trophy na Shaul Schwarz da Christina Clusiau, wanda ya fito a 2017. Ƙarfinsa shi ne ba shi da mai ba da labari da zai yanke wa mai kallo hukunci. An bar Philip Glass, makiyayin tumaki daga Texas, ya kafa hujja da Littafi Mai Tsarki, an kuma nuna shi yana hawaye a kan zakin da ya kashe da hannunsa. An bar John Hume, wanda a lokacin yake kiwon karkanda sama da dubu, ya kare yanke ƙahonninsu don sayarwa. An nuna giwa tana nishin mutuwa ba tare da an gaggauta kawar da kyamara ba.

Duk da haka fim ɗin bai kuɓuta daga tsohon gado ba. Mutanen ƙauye sun bayyana suna rabon naman giwa, ko ana kai samame gidansu da dare bisa zargin farauta ba izini, amma masu dogon jawabi da cikakken suna Turawa ne. An faɗi ra'ayi iri-iri a kan talaka, shi kuwa nasa bai wuce 'yan jimloli ba.

5.0 Matsalar Ɗa'a

Tambayoyi biyu ne finafinan ke cakuɗawa. Ta farko ta shafi niyyar maharbi. A nan hukunci ba shi da wuya: kisa don ado da alfahari abin ƙi ne, kuma malaman Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, sun karhanta farautar da aka yi don wasa. Dala 350,000 da Corey Knowlton ya biya a gwanjon Dallas a 2014 don izinin harbin baƙar karkanda a Namibiya ba ta canza wannan niyya ba.

Tambaya ta biyu ta shafi sakamako, kuma ta fi wuya. Binciken Peter Lindsey da abokansa na 2007 ya ƙiyasta cewa filayen farauta a Afirka kudu da Sahara sun kai murabba'in kilomita miliyan 1.4, sun zarce faɗin gandayen ƙasa. Daga cikinsu akwai waɗanda ke kewaye da gandun Benuwe a arewacin Kamaru. Idan kuɗin farauta ya yanke, noma da kiwo za su iya cinye yawancinsu. Kenya ta haramta farautar a 1977, amma namun dajinta sun ci gaba da raguwa. Botsuwana ta haramta a 2014 ta janye a 2019 saboda ɓarnar giwaye, har shugaba Masisi ya yi barazanar aika wa Jamus giwaye 20,000 a 2024. A ɗaya gefen, shirin CAMPFIRE da Zimbabuwe ta fara a 1989 don kai kuɗin farauta ga ƙauyuka ya sha suka cewa kaso mai tsoka yana maƙalewa a hannun hukumomi. Haka kuma kashe zakin da ke riƙe da garke yakan jawo sabon namiji ya kashe 'ya'yan da ya tarar. Duk waɗannan batutuwa ba sa ɗaukuwa a hoto kamar yadda gawa ke ɗaukuwa.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa mutuntarwar mai kyamara da sakaya zancen mai bindiga suna aiki ɗaya: dukansu suna ɓoye wanda giwa ta tattake wa gero da wanda zaki ya kashe wa saniya. Ƙyamar farautar tinƙaho tana da hujja, amma hani ko halasci zai faɗa ne a kan mutanen da ba a tambaya ba. Ma'aunin da ya dace a auna kowane shiri na namun daji da shi shi ne: wa aka raɗa wa suna, wa aka bari ya yi magana da harshensa, kuma na minti nawa? Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu fassara waɗannan shirye-shirye zuwa harsunan Nijeriya su ma suna da alhakin kada su kwafo kalmomin da suka riga suka yanke hukunci kafin a saurari mai ɗakin.