Tattalin Sanyi: Gwanintar Uwargida a Gaban Firji

Duk mai kuɗi zai iya sayen firji, amma riƙe shi sai mai lura. A garuruwa irin su Kano, Sakkwato da Maiduguri zafin bazara kan haura digiri 40 a watan Afrilu, wutar lantarki kuma ta zo yanzu, an jima a ɗauke. Matar da za ta ajiye miya ta kwana uku lafiya lau a irin wannan hali, ta kuma tarbi baƙo da ruwa mai sanyi bayan an wuni babu wuta, ta cancanci a kira ta gwana. Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Haka ita ma, sai an ɗauke wuta ake gane ta.

Tushen iyawarta shi ne ta san sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, rage musu hanzari kawai yake yi. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 suke samun sakewa, har wasunsu kan ninka yawansu cikin minti 20. Saboda haka cikin firji yake buƙatar digiri 4 ko ƙasa da haka, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Wannan sanin ne yake hana ta barin tukunyar shinkafa ta kwana a kan murhu da sunan tana hucewa. Takan juye ta a robobi masu faɗi marasa zurfi don ta huce da wuri, ta rufe, ta saka kafin awa biyu su cika. Ba ta kuma cusa tukunya da tururinta, domin zafin zai taɓa duk abin da ke kusa, ya kuma wahalar da inji.

Idan ka buɗe firjinta za ka ga komai da mazauninsa. Dafaffen abinci yana sama, a rufe. Ɗanyen nama da kifi suna can ƙasa cikin mazubi mai murfi, yadda jininsu ba zai ɗiga a kan abin da za a ci ba tare da an sake dafawa ba. Alayyahu, karas da kabeji suna cikin aljihun ƙasa, a tsane, domin ganye mai jiƙa saurin ruɓewa yake. Jikin ƙofa ya fi ko'ina ɗumi, shi ya sa ta bar wa ruwa da lemo shi. Nono da kunun aya, masu saurin tsami, takan tura su can ciki. Sauran abinci ba ya wuce mata kwana uku zuwa huɗu, na jiya kuma shi take jawowa gaba don a fara da shi. Ta kuma san abin da firji ke cutarwa: ayaba baƙi take yi, doya da dankalin Hausa sanyi yana lalata cikinsu, albasa da tafarnuwa kuwa sun fi son busasshen wuri mai iska.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne wajen lissafin wuta. A wurinta sanyi kamar kuɗin asusu yake, ana tara shi lokacin samu, a ci da lissafi lokacin rashi. Da an kawo wuta za ta cike guraben firiza da gorunan ruwa, ba ta cika su har baki saboda ruwa kumbura yake idan ya daskare. Dalilinta mai ƙarfi ne: firizar da take cike takan riƙe sanyinta kusan awa 48 muddin ba a buɗe ta ba, wadda take rabi kuwa kusan awa 24. Ɓangaren firji shi awa huɗu kacal yake iya jurewa. To, da an ɗauke wuta sai ta mayar da gora biyu ko uku masu ƙanƙara kusa da miya da nono, ta zuba wa yara ruwan sha a kula, ta hana kowa taɓa ƙofa. Ita kanta ba ta buɗewa sai ta gama yanke shawarar abin da za ta ɗauko.

Ranar Babbar Sallah ba ta jibga cinyar rago sukutum. Takan yanka naman daidai girki ɗaya ɗaya, ta ƙulla a leda, ta baje shi, don ya daskare da sauri, kuma ranar buƙata ta ciri ƙulli guda ba tare da ta narkar da saura ba. Haka take yi wa markaɗen kayan miya bayan ta tafasa shi ya ƙone ruwa. Idan kuma rashin wutar ya yi tsawo, kamar yadda aka gani a watan Oktoban 2024 da yawancin jihohin Arewa suka haura mako guda cikin duhu, ba ta zama jiran tsammani. Naman da ya fara saki amma da sauran sanyinsa, nan take za ta ɗora shi a wuta, ta soye shi ƙarau yadda iyayenmu suka saba tun kafin zuwan lantarki. Wanda ya riga ya ɗumama na tsawon awanni kuwa zubarwa take yi, ko da bai yi wari ba, domin ta san asarar kilo guda ta fi jinyar yara sauƙi.

Shi kansa firjin tana kula da lafiyarsa. Tun wajen saye take duba takardar da ke manne a jikinsa: harafin T yana nufin an ƙera shi ya jure zafin ɗaki har digiri 43, ST kuwa iyakarsa 38. Idan an kawo shi a mota, takan bar shi tsaye na wasu awanni kafin ta kunna, don man inji ya koma mazauninsa. Ba ta jingina shi da bango, ba ta ajiye shi kusa da murhu ko inda rana ke duka, domin ta bayansa yake fitar da zafi. Bayan hunturu kuma sai ta cire shi daga soket ta kakkaɓe ƙurar da ta taru a wurin. Idan wuta ta ɗauke ta dawo nan take, takan jira kamar minti biyar kafin ta mayar da shi, in kuma wutar ba ta da ƙarfi ta bar shi a kashe, ko ta haɗa shi da sitabilaiza. Robar ƙofa takan gwada ta da takardar kuɗi: ta rufe ƙofa a kanta ta ja, in ta zare babu turjiya, sanyi yana zurarewa. Ƙanƙarar da ta yi kauri kuwa ba ta sa mata wuƙa. Bututun gas yana nan ƙarƙashinta, kuma gas ɗin R600a da ke cikin yawancin sababbin firji yana kama wuta. Kashewa take yi, ta ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki har ta saki da kanta, ta goge ko'ina, sannan ta bar ɗan gawayi a kusurwa ya riƙa shanye warin kifi da daddawa.

A wannan zamani na tsadar cefane, duk kwanon miyar da aka tsirar kuɗin maigida ne aka tsirar, lafiyar iyali ce kuma aka kare. Ilimi ne da ya kamata a koya wa 'ya'ya, mata da maza, kamar yadda ake koya musu girki da wanki, domin firjin gida hannu da yawa ke buɗe shi, kuma ƙoƙarin mutum ɗaya ba zai isa ba sai kowa ya san dalilin rufe ƙofa da wuri.