Ko Dakta Breen Maci Amana Ne?

A hutun da ya wuce na tarar da ƙannena a Gumel sun duƙufa kan wani wasan kwamfuta mai suna Half-Life 2, wanda kamfanin Valve na Amurka ya fitar a 2004, ci gaban na farko da ya fito a 1998. Duk lokacin da fuskar wani dattijo mai furfura ta bayyana, sai su hau tsine masa. Wannan dattijo shi ne Dakta Wallace Breen, kuma shi nake so in ɗan yi wa lauya a wannan fili, in malamaina za su yi mini uzuri.

Ga yadda labarin yake. Breen shi ne shugaban cibiyar bincike ta Black Mesa, inda wani gwaji ya ɓaci har ya buɗe ƙofa ga halittun wata duniya. Daga baya wata daula mai suna Combine ta auko, ta murƙushe rundunonin 'yan Adam cikin awa bakwai kacal. Breen ne ya sasanta miƙa wuya, su kuma suka naɗa shi wakilinsu, yana mulki daga Birni na 17. Jarumin wasan, Gordon Freeman, shi ne madugun tawaye.

Hujjar Breen a sarari take, watau wanda aka kayar cikin awa bakwai ba shi da sauran abin yaƙi, kuma gawa ba ta fansar gari. Hausawa ma sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma in da rai da rabo. Hasali ma, 'yan tawayen da Freeman ya tarar, sulhun Breen ne ya bar su da rai har suka ɗauki bindiga.

Mai karatu, wannan tambaya ta taɓa zuwa ƙofar gidanmu. A 1903 Turawa suka ci Kano da Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, ya yi shahada a Burmi, amma Waziri Buhari ya tsaya ya yi sulhu, har ya rubuta wa malamai risala yana bayyana dalilinsa. A wannan shekara Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi Turawa ba tare da yaƙi ba, maƙwabcinsa kuwa, Sarkin Haɗeja Muhammadu, ya ja daga a 1906 aka kashe shi. Muna alfahari da Mai Shahada, amma mai hankali ba zai kira Waziri munafuki ba, domin kuwa da sulhunsa masallatai da makarantu da kotunan alƙalai suka ci gaba.

To, a nan ne ma'aunin yake: me sulhun ya tsare? Breen ya yarda aka kafa na'urar da ta hana haihuwa, shi ya sa ba ka ganin yaro ko ɗaya a Birni na 17. Ya yi shiru ana mai da mutane bayi a kurkukun Nova Prospekt, daɗin daɗawa ya riƙa fitowa a majigi yana kiran wannan ci gaba. Ni a nawa ɗan tunanin, durƙuson farko daidai ne, laifinsa shi ne da ya manta wada ya durƙusa wa, ya mai da larura aƙida.

Su ma marubutan wasan ina da ƙorafi a kansu. Sun bai wa Breen baki da hujja, suka bar Freeman bai furta ko kalma ɗaya ba, amsarsa kullum harsashi. Wannan ya sa ƙannena suna tsinuwa ba tare da sun auna maganar ba. Mu ɗaliban adabi bai kamata mu bi sahunsu ba. Kafin mu yanke wa mugun labari hukunci, mu saurare shi tukuna. Allah ya sa mu dace.