Daga Lifidi Zuwa Bargon Ƙyalle: Nazari A Kan Gama Ɗinki Da Gyaran Shago A Gudel

Gudel tsohon gari ne na Zabarmawa a bakin kogin Isa. Yana nan tun kafin Yamai ta zama babban birnin Nijar a 1926, daga baya birnin ya faɗaɗa ya haɗiye shi ya zama unguwa. A yau, kamar kowace unguwa ta Yamai, ba ka yin doguwar tafiya a cikinta ba ka ji ƙarar keken ɗinki ba. Wanda ya leƙa shagon tela da safiyar Sallah zai tarar da ƙasa ta ɓace ƙarƙashin ƙyallayen atamfa da shadda da leshi. Yawancinsu bola suke nufa, ko wuta, ko magudanar ruwa. Kaɗan ne ke komawa ƙarƙashin allura su zama bargo ko shimfiɗa ko adon bango. Wannan nazari zai duba sana'ar haɗa ƙyalle, da wurare biyu da ake gane gwaninta: bakin bargon da aka gama, da daɓen shagon da aka ɗinka shi.

Wasu na ɗaukar haɗa ƙyalle aikin Turawa, alhali tushensa a ƙasarmu ya daɗe. Masaƙin gargajiya siririn ƙyalle yake fitarwa, sai an jera sawaye an haɗa su gefe da gefe kafin a sami gwado ko luru. Haka ake yin tera-tera, bargon auren Zabarmawa, wanda har yanzu ana ganin masaƙansa a gidan tarihi na Boubou Hama da aka buɗe a 1959. Idan masaƙi ya kuskure lissafi a sawaya ɗaya, zanen ba zai haɗu da na kusa da shi ba, bargon duka ya karkace.

Lifidi kuwa shi ne kakan wannan sana'a. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Yadda ake yinsa shi ne a shimfiɗa tufa biyu, a cusa audugar rimi a tsakani, a bi da layukan ɗinki kusa da kusa don kada audugar ta taru wuri guda, sannan a ƙawata fuskar da ƙyallaye masu kusurwa uku, ja da rawaya da shuɗi. Ran mahayi da na dokinsa sun rataya a kan ingancin wannan ɗinki, domin inda layi ya saki, nan kibiya za ta shiga. 'Yan lifida na hawan Sallah a Kano da Katsina, da dawakin Zarmakoy na Dosso, suna ɗauke da wannan gado har gobe. Bargon ƙyalle na zamani tsarinsa ɗaya da lifidi: fuska, da ciko, da shafi, ɗinki ya riƙe su uku.

Haɗa fuska shi ne ɓangaren da ke da daɗi, shi ya sa kowa ke son sa. Launi na kiran launi, aiki na ci gaba a gaban ido. Wahalar tana ƙarshe, kuma a nan yawancin barguna ke mutuwa a cikin buhu. Gwani yakan shimfiɗa shafi a kan tabarma ya miƙar da shi, ya ɗora ciko, ya ɗora fuska, ya kama su da dogon ɗinki na wucin gadi, yana farawa daga tsakiya zuwa gefe don tattarewa ta fita waje. Bayan ya bi layukan ɗinki, sai ya daidaita gefuna huɗu da almakashi, ya yanko dogon ƙyalle a karkace don ya yi taushin lanƙwasa, ya ninka shi biyu ya rufe baki. Ka kama kusurwar bargo ka murza ta tsakanin yatsunka. Idan ta kwanta lif, babu dunƙule, babu zaren da ya leƙo, mai hannu ne ya yi. Idan ta kumbura ko ta murɗe, gaggawa ce ta gama aikin, kuma wanki biyu zai tona asiri.

Wanki shi ne alƙali na biyu. Wata atamfar tana zuba, wani yadin yana tsukewa, yadin roba kuma yana narkewa a zafin gugar da auduga ke buƙata. Wanda ya haɗa su ba tare da ya ware ya wanke ba, ya ɗinka wa kansa asara. A nan ne gyaran shago ya shigo, domin warewar ba a kan keke ake yinta ba, a lokacin shara ake yinta. Telan da ya san darajar ƙyalle yakan koya wa yaran shago su tsince kafin su kama tsintsiya: auduga buhunta daban, roba daban, manya a ninke, ƙanana a jera bisa launi, burbushin da bai kai yatsa ba a tara don cikon matashin kai. Sai a bi daɓe da maganaɗisu a kwashe allurai, a buɗe farantin ƙarƙashin allura a share ƙurar zare, a ɗiga mai, a lulluɓe keke saboda ƙurar hunturu. Shagon da ake yi wa haka, rabin bargonsa na gaba ya riga ya haɗu.

Akwai kuma batun amana, wanda ba a cika faɗa a fili ba. Ragowar yadi na mai yadi ne. Ƙorafin da mata ke yi a kan teloli ba sabo ba ne, kuma sana'ar da aka gina a kan ƙyallen da ba a yafe ba ba za ta yi albarka ba. Maganin mai sauƙi ne: a mayar da babban guntu, a nemi izinin ƙanana tun ranar karɓar ɗinki.

Wasu al'ummomi sun nuna inda wannan aiki zai iya kaiwa. Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama ta Amurka, tsofaffin wanduna da buhuna suka riƙa haɗawa don maganin sanyi. A 2002 aka baje bargunansu a gidan adana zane-zane na Houston, a 2006 hotunansu suka zama kan sarki na wasiƙun Amurka. A Senegal, mabiya Baye Fall sun mayar da rigar ƙyallaye alamar tawali'u. Nijar ba ta rasa dandalin nuna irin wannan ba: ga bikin nuna tufafi na FIMA da mai zanen tufafi Alphadi ya fara a 1998, ga kasuwar SAFEM ta sana'o'in mata, ga cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata. Abin da ke ragewa kayanmu daraja a irin waɗannan wurare shi ne ƙarshen aiki: baki a karkace, zare a waje, babu sunan mai ɗinki, babu shekara.

Saboda haka kirana ga telolin Gudel da sauran unguwannin Yamai, maza da mata, shi ne a daina ƙidaya kalmasa da shara cikin ƙananan ayyukan da ake jefa wa sabon yaro ba tare da koyarwa ba. A koyar da su da irin kulawar da ake koyar da yanka. A ajiye buhunan ƙyalle a kowane shago, a gama bargo ɗaya tsaf kafin a fara wani, a ɗinka suna da shekara a bayansa. Masu saye kuma su juya bargo su duba bayansa da kusurwoyinsa, in sun tarar da aiki mai kyau su biya kuɗin da ya dace da shi.