Kacici-kacici da Wasan Cike Gurbi: Abin da Ke Tsufar da Namu

A ƙauyukan Gaya da Ajingi, kamar sauran ƙasar Hausa, kacici-kacici abokin tafiyar tatsuniya ne. Lokacinsa bayan sallar isha'i, galibi da kaka in an kai amfanin gona gida. Mai tambaya ya jefa tasa, wanda ya kasa kwancewa sai a ce ya ba da gari. In ya ce ya ba da Toranke ko Kademi, mai tambaya yana da ikon ƙi, ya ce shi sai Kano ko Makka. Sai an ba shi garin da ya gamsu da shi zai faɗi amsa. Wannan ciniki shi ne ma'aunin wasan, domin ba a sayen tambaya mai zurfi da ƙaramin gari.

Abin da ke biyo bayan amsar ya fi jan hankalina. In ta zauna daidai, kowa zai yi dariya ya ce ashe. In ba ta zauna ba, gardama ta tashi ke nan, a ce an ci gari a banza. Yara ne, amma sharhi suke yi, kuma hukuncinsu ɗaya ne: kacici-kacici nagari yana ɓoye abu ba tare da ya yi ƙarya ba. Wanda ke siffanta tsintsiya da shanu masu yawa a maɗauri guda ya cika wannan sharaɗi, don mai tunani zai iya bin sawu har ya isa. Shi kuwa ƙulunƙulufit, wanda amsarsa gauta ce, daɗin faɗa kawai gare shi. Wanda bai taɓa jin amsar ba zai daɗe bai gano ta ba.

A nan ciwon yake. Tambayoyin da ake yi a yau su ne waɗanda kakanninmu suka yi, su ne kuma ke cikin littattafan firamare. Wasan tunani ya koma hadda. Mutane na ɗora wa waya da finafinai laifi, ni kuwa ina ganin rashin sabon zubi ya riga su yin ɓarna.

Turawa suna da ɗan'uwan wannan wasa, wato cike gurbi a allon da kalmomi ke gittawa juna, wasu a kwance wasu a tsaye. Arthur Wynne ne ya fitar da na farko a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. New York Times ta soma nata a 1942, ta mai da shi na kullum a 1950. Na Litinin ne mafi sauƙi, wahala na ƙaruwa har zuwa Asabar, kuma yawancin kwanaki akan ɗaure dogayen amsoshi da jigo guda. Masu warwarewa ba sa yi wa mai tsarawa kara. Suna sukar jigon da bai ɗauru ba, da kalmar da aka cusa don toshe rami, da inda baƙin sunaye biyu suka gitta har hankali ba zai iya fitar da harafin tsakiya ba. Gardamar tsakar gidanmu ce sak, sai dai su kowace safiya sabuwar tambaya ake kawo musu.

Tun 1939 da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya muke da jarida, amma wasan bai yi saiwa a wurinmu ba. Akwai matsaloli na gaske. Dole a raba k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ, in ba haka ba baki da baƙi za su faɗa rami ɗaya. Dole a yanke ko sh da ts gurbi ɗaya za su ci ko biyu. Ga bambancin karin harshe tsakanin Bakano da Basakkwace. Duk wannan abin sasantawa ne, tunda Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 zai iya zama alƙali.

Amfanin da muke da shi ya fi matsalar yawa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka kalma guda a takarda takan ɗauki ma'ana biyu ko uku, abin da mai tsara tambaya ke nema ruwa a jallo. A ce jigon ranar tarihin Kano ne, a nemi kalma mai haruffa huɗu: tuwo ba miya, kuma masarauta ce. Amsa Gaya. A gitta ta da Abagayawa, maƙeran da ake danganta asalinsu da garin, a ƙara Dala, inda aka ce kakansu ya je neman tama. Yaron da ya warware wannan ya yi tunani, ya gyara rubutunsa, ya kuma tsinci tarihin garinsu.

Malaman Hausa na makarantun Gaya da Ajingi ba sa bukatar jiran jarida. Allo da alli sun isa. Ku sa ɗalibai su ƙirƙiri sabuwar tambaya kowane mako, a kan babur ko sola ko kasuwar garinsu, ku kuma ƙyale ajin ya yi gardama a kanta kafin a ba da gari.