Gwanintar Matan da Ba Sa Zubar da Abinci

Mata da yawa sun iya tuƙa tuwo, amma ba kowace ce ta san abin da za ta yi da tukunyar bayan an kwashe ba, kuma a nan ake gane gwana. Wata da ta kwashe malmalar ƙarshe sai ta antaya ruwa a tukunya, ta kankare, ta watsar a kwata. Wata kuwa sai ta janye itace, ta bar tukunyar a kan ragowar garwashi har abin da ya kama a gindi ya bushe, ya fara ɗagowa da kansa. Ta sa cokali ta ɓamɓare shi falle-falle, ta baza a faifai, ta kai rana. Ƙanzo ke nan. Idan ya bushe ƙayau, har yana ƙara in an karya, ta zuba a gwangwani mai murfi ta ajiye. Yau kaɗan, gobe kaɗan, kafin wata ya ƙare ta tara abin da zai ciyar da gidan yini guda.

Ranar da ta ga dama sai ta ɗebo ta ɗan daddaka shi a turmi, ta jiƙa da ruwan ɗumi. Jiƙon yana son ido: in ruwa ya yi yawa ya caɓe, in ya yi kaɗan haƙori ya sha wuya. Da ya yi laushi ta tsane shi, ta zuba garin ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, attaruhu, gishiri da ɗan man gyaɗa, in akwai dafaffen zogale ko rama ta haɗa. Wanda ya taɓa cin kwaɗon ƙanzo da hantsi ya san ba abincin maneji ba ne. Akwai ƙamshin wuta a cikinsa wanda sabon tuwo ba shi da shi, shi ya sa za ka ga gidan da ba a rasa komai ba ana aika yaro neman ƙanzo a maƙwabta. Wasu ma kunu suke damawa da shi.

Sai dai aikin ba daga gindin tukunya yake farawa ba. Daga awo yake farawa. Macen da ta ƙware ta san cikin kowa a gidanta: maigida malmala nawa yake tashi da ita, wane yaro ne ba ya son miyar kuɓewa, yaushe ne zafi ke rage wa mutane cin abinci. Da gwangwani ɗaya take auna gari kullum, ba ta ɗiba da ka. Tana ƙara rabon baƙo da na almajiri, domin gidan Bahaushe ba a girki cif-cif, amma ta san inda wannan ƙarin zai tafi idan baƙon bai zo ba. Zai zama ɗumame.

Ɗumame ma yana da dokokinsa, kuma yawancin waɗanda ke cewa tuwonsu ba ya kwana dokar suka karya. Miya ana sake tafasa ta sosai da dare kafin a kwanta, a rufe, kada wani ya ƙara tsoma ludayi ko hannu a ciki. Tuwon da za a ajiye ba a haɗa shi da wanda aka ci aka rage a kwano. Tuwon dawa ko na gero da aka tuƙa da ruwan tsami ya fi jure kwana, kuma iyayenmu sun san haka tun kafin kowa ya yi musu bayanin cewa tsami yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Da asuba a zuba ɗan ruwa a tukunya, a jera malmala, a rufe, tururi ya ratsa ta har tsakiya. A ganina tuwon masara miyar kuka ya fi daɗi a ɗumamensa, kuma na san ba ni kaɗai ke wannan ra'ayi ba.

Ka bi damin gero ɗaya tun daga rumbu, za ka sha mamakin yadda babu abin da ke faɗuwa ƙasa banza. A sussuka, a sheƙe, ƙaiƙayi ya tafi turken dabbobi. A surfa, a bakace, dusa ta zama abincin tumaki da kaji. Ruwan wankin ma, ƙasari, awaki ke shanye shi. A niƙa a tankaɗe, gari ya tafi tuwo ko fura, tsakin da ya rage a rariya a yi fate ko dambu da shi. In gasara aka tace, ruwan tsamin da ya taso a kai ba a zubarwa, da shi masu awara ke haɗa madarar waken suya ta dunƙule. Gyaɗa ma haka: a soya, a niƙa, a matse mai, tunkuzar da ta saura a murza ta a soya ta cikin man da ya fito daga jikinta, ta zama ƙuli-ƙuli. Shi kuma a daka, ya koma kan tsire da cikin kwaɗo. Naman layya kowa ya san labarinsa, daga suya da dambun nama har kitsen da ake narkarwa a ajiye kakiɗe.

Wannan ilimin ne duniya ke nema yanzu da taruka da rahotanni. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kuma kusan kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, ba daga shaguna ko gidajen sayar da abinci ba. Rahoton hukumar na 2021 ya ɗora wa kowane ɗan Najeriya kilo 189 a shekara. Gaskiya ne lissafin ya haɗa da ɓawo da ƙashi, amma ai gardamar ke nan: a tsohon gida ɓawon doya na akuya ne, ƙashi kuma sai ya ba da romo kafin a rabu da shi. A gidan haya na birni, inda babu akuya babu kaza, duk bola suke tafiya cikin leda. Muka kuma jingina da firiji a ƙasar da wutar lantarki ba ta da alƙawari, a cika shi da miya da nama, wuta ta ɗauke kwana biyu, a kwashe a zubar.

Tumatir ya isa misali. Lokacin da kayan noman rani suka fito daga Kadawa da Kura da Ɗanja, kwando yana araha har wani yana ruɓewa a kasuwa. Da damina ta kankama sai farashi ya haura. Waɗanda suka ga shekarar 2016, da tsutsar tumatir ta cinye gonaki har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, ba za su manta yadda miya ta gagari gidaje ba. Mai kauɗa a ɗaki ita ce ba ta ji jiki sosai ba. Ta saya tun da araha, ta yanka gida biyu ko uku, ta shanya a tabarma mai tsabta cikin iskar hunturu har ya bushe, haka ta yi wa tattasai da kuɓewa. Ranar amfani ta wanke, ta jiƙa da ruwan zafi, ta markaɗa da albasa mai yawa, ta jefa ɗan ƙanƙanin kanwa don kashe tsami. Ajiya maganin wata rana.

Wanda yake son ɗanyen kaya ya daɗe kuma, akwai dabarar Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa da ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukunyar ƙasa ƙarama ake sakawa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a zuba kayan miya a ta ciki, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan da ke tsanewa ta jikin tukunyar waje shi ke tafiya da zafin, yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Yalon da ke yaushi cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a ciki. Abin da take buƙata kawai a riƙa jiƙa yashin safe da yamma, kuma ta fi aiki a lokacin rani da iska ke bushe.

Rabin gwanintar kuwa sanin abin da ba ya ajiyuwa ne. Dafaffiyar shinkafa da wake ba su da haƙurin tuwo, musamman a bazara. In sun fara yauƙi ko wari, tafasa ba ta gyara su. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe wannan gubar. Shanya a bakin titi ko a ƙasa tsirara gayyatar ƙura ce da ɓera, ɓera kuma shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa, don haka a shanya a sama, a kwashe kafin dare, a rufe. Sannan akwai halin da ya kamata mu ji kunyarsa: a bar abinci sai ya yi tsami, sannan a juye wa almajiri a kira shi sadaka. Addinin da ya hana almubazzaranci bai halatta cutar da ɗan wani ba. Macen kirki tun abincin yana da ɗuminsa take ware rabon yaron.

Idan a gidanku akwai tsohuwar da har yanzu take tara ƙanzo, take yanka kauɗa, ku tura 'ya'yanku mata da maza su zauna kusa da ita ranar da take aikin, su sa hannu su koya tun tana da ƙarfin nuna musu.