Layar Zamani: Sharhi a kan Sanarwar Ban Kwana da Meta AI

Cikin watan Satumba na shekarar 2024 wata 'yar gajeruwar sanarwa ta bazu a dandalin Instagram, har gidan rediyon BBC ya ba da labarin cewa mutum fiye da 600,000 sun liƙa ta a shafukansu. Cikinsu kuwa har da mashahurai, kamar James McAvoy ɗan wasan kwaikwayo, da Tom Brady gwanin ƙwallon Amurka. Sanarwar ta buɗe da yin ban kwana da Meta AI, watau ƙirƙirarriyar basirar kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp. Sa'an nan ta ce wai wani lauya ne ya ba da shawara kowa ya liƙa ta, wanda kuwa bai liƙa ba ko sau ɗaya za a ɗauka ya yarda a yi amfani da hotunansa da bayanansa. Ta rufe da cewa mai shafin bai ba Meta, ko wani mahaluki, iznin taɓa kome nasa ba.

Ba a daɗe ba masu bin diddigin labarai suka buga mata hatimin ƙarya, jaridu kuma suka yi ta yi wa masu liƙa ta ba'a. Cewa ba ta da wani amfani a gaban alƙali, wannan magana ce da babu jayayya a kanta. Amma rubutun da ya shekara 12 yana mutuwa yana tashi, ba a san mawallafinsa ba, jama'a kuwa suna ta kwafarsa bisa son ransu, ya isa a zauna a dube shi kamar yadda a ke duban sauran adabin jama'a. Abin tambaya shi ne, wane irin rubutu ne wannan, me ya ba shi tsawon rai, kuma me ya ke yi wa mai liƙa shi?

Asalinta

Sanarwar ta girmi Meta AI nesa ba kusa ba. An fara ganin kakarta cikin 2012, bayan da kamfanin Facebook ya fara sayar da hannun jarinsa a kasuwa cikin watan Mayu na wannan shekara. Hujjarta ta fari ta taso ne daga ruɗanin harshe. A Ingilishi, kalmar da a ke siffanta kamfanin da ya sayar wa jama'a hannun jari da ita, ita ce kuma a ke siffanta abin da ke a sarari, wanda kowa ke da ikon gani. Sai marubucin ya zaci tun da kamfanin ya zama "na jama'a", to asirin masu shafuka ma ya zama na jama'a ke nan. Cikin Nuwamba na shekarar ta sāke tasowa da ƙarfi, har kamfanin ya fitar da bayani yana ƙaryata ta. Ta dawo a 2015 da 2016. Cikin Agusta 2019 ta ƙaura zuwa Instagram, inda har Rick Perry, wanda a sa'an nan shi ne sakataren makamashi na Amurka, ya liƙa ta.

Abin ban sha'awa ga mai nazari shi ne, wadda ta fito a 2024 ba ta yar da tsohuwar hujjar ba. Tana nan tana cewa tun da "yanzu" kamfanin ya zama na jama'a, wajibi ne kowa ya yi sanarwa, alhali kuwa wannan "yanzu" ta shekara 12 da wucewa. Haka al'adar rubutun da ke yawo hannu da hannu ta ke: mai kwafa ba ya gyara, domin yana tsoron kada ya cire abin da ƙarfin maganar ya rataya a kansa.

Gininta

In an jera ire-irenta aka duba, za a ga ginshiƙai huɗu ne ke ɗauke da ita.

Na fari, madogara marar fuska. Kullum akwai wani lauya da ya ba da shawara, ko wata tashar talbijin mai lamba 13 da ta ba da labari, amma ba a faɗin sunan lauyan, ba a faɗin garin da tashar ta ke. Wannan shi ne "an ce" da "wai" na masu jita-jita, sai dai an sa masa rigar lauya.

Na biyu, wa'adi. Da yawansu kan ce "gobe" ne sabuwar dokar za ta fara aiki. Ba a sa kwanan wata, sabo da haka ko wace rana aka karanta, goben tana nan gaba. Dabara ce da ke hana rubutun tsufa, ta kuma hana mai karatu tsayawa ya yi tambaya.

Na uku, sunayen dokoki masu nauyi, kuma a nan ne asirin ya fi tonuwa. Tsofaffin sanarwoyin kan ambaci wani sashe mai lamba 1-308 na kundin dokokin ciniki na Amurka, wanda magana ya ke yi a kan yadda mai cika alkawarin ciniki zai keɓe haƙƙinsa, ba ruwansa da hotuna ko asirin mutum. Sukan ambaci Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa kotun duniya da ke birnin Hague don hukunta kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi, wadda kuma Amurka, inda kamfanin ya ke, ba ta cikinta. Ta 2012 ta nemi ta ambaci Yarjejeniyar Bern ta 1886, mai kare haƙƙin mawallafa, amma ta kuskure rubuta sunan, aka kuwa yi ta kwafar kuskuren. Ba a kawo waɗannan sunaye don a fahimce su ba. An kawo su ne don amonsu.

Na huɗu, sharaɗi da gargaɗi. Waɗansu sukan ce kada a tura ta yadda a ke tura sauran saƙonni, sai dai a kwafe ta a liƙa da hannu, in ba haka ba ba za ta ci ba. Wanda ya ƙi kuwa, to shirunsa yarda ne.

Duk wanda ya san adabin Hausa zai shaida wannan gini. Kalmomin da ba a san ma'anarsu ba amma a ke jin tsoron amonsu, halin surkulle ke nan. Rubutun da a ke ratayawa don tsari, wanda amfaninsa bai dogara ga mai shi ya iya karanta shi ba, halin laya ke nan. Sharaɗin da in an saɓa aiki ya ɓaci, halin magani ke nan. Har wa yau tana da 'yar'uwa ta kusa, watau takardar nan da aka daɗe a na rarrabawa cikin ƙasashen Musulmi, har da ƙasar Hausa, da sunan wasiyyar wani Shehu Ahmadu na Madina, mai yi wa wanda ya kwafe ta alkawarin alheri, wanda ya yi watsi da ita kuma barazanar masifa. Malamai, irin su Shaihu Abdul'aziz bin Baz, sun yi rubutu sun bayyana cewa ƙage ce, amma hakan bai hana ta yawo ba. Dalilin duka biyun ɗaya ne: kwafa ba ta cin kome, ƙin kwafa kuwa an ce yana da haɗari, sai mutum ya ce rigakafi ya fi magani.

Gaskiyar da ke Cikinta

To, amma ruwa ba ya tsami banza. Masu ba'a sun dubi kuskuren sanarwar, ba su dubi tsoron da ya haife ta ba, tsoron kuwa yana da tushe. Duk wanda ya buɗe shafi ya riga ya latsa alamar yarda da sharuɗɗan kamfanin, waɗanda suka ce hotonsa nasa ne, amma ya ba kamfanin lasisin amfani da shi ko'ina a duniya ba tare da biyan ko kwabo ba. Kaɗan ne ke karanta waɗannan sharuɗɗa, kuma ba lalaci kaɗai ke hana su ba. Cikin 2008 waɗansu masana biyu na Jami'ar Carnegie Mellon, Aleecia McDonald da Lorrie Cranor, sun ƙiyasta cewa da mutum zai karanta ƙa'idodin sirri na dukkan shafukan da ya ke shiga, da sai ya ɓatar da fiye da sa'a 200 a shekara. Ashe sharuɗɗan kamfanin ma, a wurin talaka, surkulle ne. An ɗaure shi da kalmomin da bai fahimta ba, shi kuma ya nemi kwance kansa da waɗansu kalmomin da bai fahimta ba.

Lokutan da sanarwar ta fi tashi su ma abin lura ne. Tun 2009 Facebook ya ba masu shafuka damar jefa ƙuri'a a kan sauyin sharuɗɗansa, amma da ƙa'idar sai kashi 30 cikin 100 sun jefa kafin hukuncinsu ya ɗaure kamfanin. Cikin Nuwamba 2012, daidai sa'ad da sanarwar ke bazuwa, kamfanin ya ce zai soke wannan dama. Aka yi ƙuri'ar ƙarshe cikin Disamba. Masu shafuka sun kai miliyan 1,000 a lokacin, waɗanda suka jefa kuwa ba su kai miliyan 1 ba. Mafi yawansu sun ƙi sauyin, amma aka zartar da shi. Cikin 2018 kuma asirin kamfanin Cambridge Analytica ya tonu, Facebook da kansa ya ce bayanan mutum har miliyan 87 ne mai yiwuwa aka kwasa, hukumar ciniki ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 5,000 cikin Yuli 2019, wata guda kafin sanarwar ta mamaye Instagram.

Ta 2024 ita ce ta fi kusa da gaskiya. Cikin wannan watan na Satumba da ta ke yawo, wata babbar jami'ar Meta, Melinda Claybaugh, ta amsa a gaban kwamitin majalisar dattawan Ostareliya cewa kamfanin ya yi amfani da rubuce-rubuce da hotunan da manya suka bari a buɗe ga kowa, tun daga 2007, wajen horar da na'urorinsa, kuma ba a ba mutanen ƙasar hanyar ƙi irin wadda aka ba na Turai ba. Ke nan inda sanarwar ta ce a na ɗaukar shiru a matsayin yarda, ba ta yi ƙarya ba. Ta gane ciwon sarai. Maganin ne ta kuskure.

Illarta

Duk da haka ba ya kamata tausayi ya rufe idon mai sharhi, gama sanarwar tana da illa. Wanda ya rataya laya don tsarin ɓarawo, sa'an nan ya kwanta ya bar ƙofa a buɗe, layar ta cuce shi, ko da ba ita ta yi satar ba. Haka nan mai liƙa sanarwar kan ji ya sauke nauyi, hankalinsa ya kwanta, ya bar hotunansa a buɗe yadda su ke. Da ya shiga wurin saitin shafinsa ya taƙaita masu ganinsu, da ya fi masa.

Misali mafi bayyana shi ne na Turai. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ran 25 ga Mayu 2018, ta ba mutum ikon ƙin a sarrafa bayanansa. Sa'ad da Meta ya yi niyyar fara horar da na'urorinsa da rubuce-rubucen Turawa cikin Yuni 2024, ƙungiyar noyb ta ƙasar Ostiriya, wadda lauya Max Schrems ke jagoranta, ta kai ƙara gaban hukumomin ƙasashe 11, kamfanin kuwa ya dakata bisa buƙatar hukumar ƙasar Ailan. Da ya koma kan aikin cikin Mayu 2025, sai da ya tanadi fom na musamman inda mutum zai rubuta ƙinsa. Maganar da a ke sa wa cikin fom ɗin da wadda a ke liƙawa a shafi kusan ɗaya ce, watau "ban yarda ba". Ta farko tana da doka a bayanta da hukuma mai tilastawa, ta biyu kuwa ba mai jinta sai abokan mai shafin. A Nijeriya ma, inda aka sa hannu a dokar kare bayanai cikin Yuni 2023, abin da ya girgiza kamfanin shi ne tarar dala miliyan 220 da hukumar kare haƙƙin masu saye ta ci shi cikin Yuli 2024, wadda kotun sauraron ƙararrakin hukumar ta tabbatar cikin Afrilu 2025. Babu inda aka ji sanarwa ta hana a taɓa hoto ko ɗaya.

Kammalawa

In an auna ta da ma'aunin shari'a, sanarwar wofi ce. In an auna ta da ma'aunin fasahar yaɗuwa kuwa, gwana ce, domin gajeruwa ce, ba ta tsufa, tana tsoratarwa kuma tana ba da mafita cikin numfashi ɗaya. Amma babbar darajarta ga mai nazari ita ce ta shaida. Ta nuna cewa ɗimbin mutane, masu ilmi da marasa shi, attajirai da matalauta, suna ji a ransu cewa abin da su ka rubuta da hoton 'ya'yansu nasu ne, ya kamata a tambaye su kafin a ɗauka, kuma ba su san ƙofar da za su kai kuka ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ba'a ba ta kashe wannan takarda ba cikin shekara 12, ƙaryatawar kamfanin ma ba ta kashe ta ba. Abin da zai kashe ta shi ne a rubuta sharuɗɗa gajeru cikin harshen da mutum ke ji, a kuma ba shi wurin da in ya ce bai yarda ba, maganarsa za ta tsaya. Muddin babu wannan, lalle za ta sāke dawowa da sabon suna, da tsohon lauyanta marar fuska, da gobenta wadda ba ta wayewa.