Gyara Layi Ɗaya, Shafi Dubu Ya Sauya

A shekarun farko na shafukan intanet, in mutum yana son kan labarinsa ya fito ja, sai ya liƙa umarnin launin a jikin kan labarin. Mai shafi ɗari biyar sai ya rubuta sau ɗari biyar. Ranar da maigida ya tashi da ra'ayin shuɗi kuwa, aiki ya dawo sabo fil.

Wannan wahala ce Håkon Wium Lie, ɗan ƙasar Norway, ya kawo wa magani a watan Oktoban 1994, lokacin yana aiki a cibiyar bincike ta CERN. Shawararsa ita ce a raba gari: abin da shafi ke faɗa ya zauna a HTML, yaren da ake rubuta shafi da shi, kamanninsa kuma, wato launi da girman harafi da tazara da mazaunin kowane abu, su koma takarda ta daban. Bert Bos ɗan Holan ya shigo cikin aikin, kuma a Disambar 1996 ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da tsarin da sunan CSS. Kamar gini ne: magini ya tsayar da bango, mai zanen ado ya zo daga baya da hannunsa, ba wanda ya taka ƙafar wani.

Mutane da yawa ba su gaskata ba sai da Dave Shea na Kanada ya buɗe shafin CSS Zen Garden a 2003. Rubutu ɗaya ne tak, an hana kowa taɓa shi, takardar salo kaɗai aka yarda a sauya. Masu tsara kamanni daga ƙasashe daban-daban suka yi ta aiko da nasu, har ka rantse ba shafi ɗaya kake kallo ba.

Amma ni ba a launuka nake gane gwani ba. Umarnai a CSS gangarowa suke yi, wani ya gaji wani, wani ya danne wani, kuma wanda ya fi nuna abu takamaimai shi ke rinjaye. Ɗan koyo in umarninsa ya ƙi ci, sai ya buga masa !important don ya tilasta shi. Bayan wata shida takardar ta cika da masu ihu, ba mai jin wani. Gwani zama yake ya gano wa ke danne wa. Ka duba sunayen da yake raɗawa ma. Ba zai kira maɓalli "ja" ba, zai ce "gargaɗi", domin ya san gobe mai tsara kamanni na iya mai da shi ruwan goro. Launin kamfani kuwa wuri guda yake ajiye shi, kowane sashe na shafin ya riƙa ɗiba daga can.

Aikin CSS bai tsaya a launi ba. A 2010 mai tsara shafuka Ethan Marcotte ya nuna yadda shafi ɗaya zai riƙa daidaita kansa da faɗin allo, ginshiƙi uku a kwamfuta su jeru ɗaya ƙarƙashin ɗaya a waya.

Mai karanta Hausa ma yana da rabo a nan. Ba kowane salon harafi ke da ɓ, ɗ da ƙ ba, shi ya sa wani lokaci ka ga ƙugiyar ta fito daban a tsakiyar kalma, ko ta zama akwati fanko. Wanda ya san aikinsa yakan gwada kalmar "ɓarauniya" da "ƙaiƙayi" a tsohuwar waya kafin ya zaɓi harafi, sannan ya jera wani a baya wanda zai maye gurbi in na farkon bai sauka ba.